Daga Tsakure Zuwa Mujalla: Yadda Aikina Ya Bi Ta Hannun Ƙungiyar Masu Nazarin Kiɗa

Binciken digirina na uku a kan tsofaffin muryoyi ne, waƙoƙin da aka ɗauka a kan silindar kaki tun kafin a san kaset, balle wayar hannu. Silindar nan tsawonta kamar santimita 10 ne. Tana juyawa, allura na sassaƙa sautin a jikinta, kuma abin da take iya ɗauka bai wuce minti 2 zuwa 4 ba. Thomas Edison ne ya ƙirƙiro na'urar ɗaukar sauti a 1877. A 1890 Jesse Walter Fewkes ya ɗauki waƙoƙin mutanen Passamaquoddy a jihar Maine ta Amurka, a 1900 kuma Carl Stumpf ya ɗauki wasu makaɗa daga Siyam, wato Tailan ta yau, da suka zo wasa Barlin. Daga wannan ɗaukar ta Stumpf ce shahararriyar taskar sauti ta Barlin ta samo asali.

Mutumin da nake bin sawun silindarsa ya rubuta a littafin tafiyarsa cewa mawaƙan da ya ɗauka muryarsu na hawa sama a hankali har ƙarshen waƙa, kuma ya ɗauki hakan a matsayin salonsu. Waɗanda suka zo bayansa suka yi ta maimaita maganar. Ni kuwa abin bai kwanta mini ba. Na'urar ba da lantarki take aiki ba, sifirin ne ake wanawa da hannu. In ƙarfin sifirin ya ragu ana cikin ɗauka, silinda za ta rage gudu. Ranar da aka zo sauraro aka juya ta da gudu ɗaya tun daga farko har ƙarshe, wannan wurin da aka ɗauka a hankali zai fito da sauri, murya kuma ta ƙara kaifi. To, mawaƙan ne ke hawa, ko injin ne ke gajiya?

Malamin da ke duba aikina ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Ni dai na gamsu, amma gamsuwata ba za ta kai ka ko'ina ba. Ma'anar waƙa na sani, ban san cikin inji ba. Akwai mutanen da suka tsufa a kan wannan abin, su za ka nema." Na ce, "Malam, a ina zan same su?" Ya ce, "A ƙungiya. Ka yi rajista, ka aika musu da tsakure, wato taƙaitaccen bayanin maƙalar da kake so ka gabatar a taronsu."

Sai da na fara dubawa na gane ƙungiyoyin masu nazarin kiɗa suna da yawa, kuma kowace da gidan da ta fito. Ta Ingila, wadda ake kira RMA, tun 1874 take. Ta duniya, IMS, an kafa ta a birnin Basel na Suwizalan a 1927, ita ke fitar da mujallar Acta Musicologica, kuma babban taronta sai bayan shekara 5 yake zagayowa. Ta Amurka, AMS, ta zo a 1934. Waɗannan sun taso ne a kan tarihin kiɗan Turai, rubuce-rubucen mawallafa da tsofaffin takardu, ko da yake yanzu sun faɗaɗa sosai. A ɗaya gefen akwai majalisar da Maud Karpeles ta yi ɗawainiyar kafawa a Landan a 1947 don kiɗan gargajiya na al'ummomi, wadda Ralph Vaughan Williams ya fara shugabanta. Ta sauya suna a 1981, ta sake sauyawa a 2023 zuwa ICTMD don rawa ma ta shigo cikin sunan, a shekarar da ta yi taronta na duniya a Jami'ar Gana da ke Legon. Sai SEM ta Amurka, ta 1955, ta masu nazarin kiɗa a cikin rayuwar al'umma. Wannan rarrabuwa tsohuwa ce. Tun 1885 Guido Adler ya raba fannin gida biyu, na tarihi da na tsari, ya ajiye kwatanta kiɗan al'ummomi a ƙarƙashin na biyun.

Aikina ya faɗo a tsakiya: rabinsa inji da lissafi, rabinsa mutane da waƙarsu. Abin da ya taimake ni wajen zaɓe ba bayanin da kowace ƙungiya ta yi a kan kanta ba ne, domin duk suna cewa ƙofa a buɗe take ga kowa. Jadawalin tarukansu na baya na zauna na karanta, take bayan take, ina neman inda ake maganar tsofaffin ɗauka da taskokin sauti. Wadda na ga sunayen da nake karantawa a laburare suna yawan fitowa a jadawalinta, ita na shiga. Tsarin kusan ɗaya ne a dukkansu, don haka abin da na gani a tawa zai yi wa wanda ya nufi wata amfani.

Rajistar kanta ba wani abu ba ce. Fom ne a intanet, sai kuɗin shekara, kuma akwai rangwame ga ɗalibi. Ƙungiyoyi da yawa suna kuma sassauta wa wanda ke zaune a ƙasar da kuɗinta ba shi da ƙarfi, amma sai ka duba da kyau ko ka tambayi sakatariya, ba kullum abin ke fitowa fili ba. Da na biya, aka buɗe mini mujallar ƙungiya har da tsofaffin fitowarta, da jaridar labarai ta mambobi, da jerin rukunan nazari. Rukunan nan su ne ainihin wurin aiki. Ƙungiya babba ce, mutum na iya ɓacewa a cikinta, amma rukunin masu tsofaffin ɗauka 'yan kaɗan ne, kowa ya san kowa, kuma suna murna in sabon jini ya shigo.

Da sanarwar neman maƙalu ta fito sai na fuskanci tsakure. Kalma 250 aka ba mu, ba a yarda ka saka sunanka ko na jami'arka a ciki ba, domin kwamitin tsara taro zai karanta ne ba tare da sanin mai shi ba. Wannan sharaɗi ya burge ni tun daga ranar, kuma har yau ina ganin shi ne mafi adalci a cikin duk tsarin. Tsakuren ɗalibin da ba a taɓa jin sunansa ba da na farfesan da ya rubuta littattafai suna shiga tuli ɗaya, kowane ya tsaya da ƙafarsa.

Rubuta shi kuwa ya fi rubuta babi guda wahala. Mai karantawa yana da tuli a gabansa, kuma aikin sa-kai yake yi bayan ya gama koyarwa, don haka ba shi da lokacin jiran ka gama shimfiɗa. Jimlar farko sai ta faɗi abin da kake iƙirari. Tawa ta ce hawan muryar da aka daɗe ana jingina wa waɗannan mawaƙa mai yiwuwa daga na'ura yake. Sannan na faɗi yadda za a gane. Alexander Ellis ya fito da wani ma'auni a 1885 wanda ya raba tazarar da ke tsakanin sauti da ninkinsa gida 1200, kowane gida ana kiransa sent, sent 100 kuma shi ne rabin mataki, wato tazarar da ke tsakanin maɓallai biyu na piyano da ke kusa da juna. Ƙarin gudu na kusan kashi 6 cikin 100 yana ɗaga sauti da rabin mataki. Saboda haka in inji ne, kaifin murya da saurin kiɗa za su hau tare, a kan wannan lissafi daidai. In mawaƙi ne, ba dole su tafi tare ba. Na ambaci irin silindar da na saurara, na faɗi abin da sakamakon zai canja a fahimtarmu, na tsaya. Abin da na koya shi ne tsakure ba alkawari ba ne. Wanda ya cika nasa da "za a duba" da "za a tattauna" ya nuna wa kwamiti bai riga ya gano komai ba.

Amsa ta zo ta imel bayan 'yan watanni: an karɓa. Daga nan sai takardu. Na nemi tallafin tafiya daga asusun da ƙungiya ta ware wa ɗalibai, wanda ke buƙatar wasiƙar malami da ƙiyasin abin da za a kashe. Aka ba ni, bai rufe komai da komai ba, amma ya ɗauke babban nauyin. Sakatariya ta aiko da wasiƙar gayyata don neman biza. A nan ne na ga inda adalcin tsakure yake ƙarewa. Kwamiti na iya rufe ido ga sunanka, amma ofishin biza ba ya rufe ido ga fasfonka, kuma a taron na ga sunaye a jadawali waɗanda masu su ba su samu isowa ba. Shi ya sa nake ganin zaɓen garin da za a yi taro ba ƙaramar magana ba ce, kuma shi ya sa kai babban taro Legon ya yi ma'ana.

Minti 20 ake ba mai maƙala, sai 10 na tambayoyi. A fannin kiɗa mintunan nan sun fi gajarta, domin duk sautin da za ka kunna daga cikinsu yake ci. Na zaɓi misali biyu kawai. Kafin nan sai da na nemi izinin taskar da ke riƙe da silindar, kuma suka duba ko waƙoƙin na cikin waɗanda bai kamata a kunna a bainar jama'a ba. Da yawa daga cikin tsofaffin ɗauka an yi su ne a zamanin mulkin mallaka, ba a tambayi mawaƙi ko ya yarda muryarsa ta zagaya duniya ba, wasu kuma waƙoƙin ibada ne da masu su ke ɓoyewa. Nawa na aiki ne da na shagali, aka yarda.

Ranar gabatarwa ɗakin ƙarami ne, ana wasu zaman a ɗakunan da ke kusa a lokaci guda. Mu uku ne a zamanmu, da shugabar zama mai riƙe da agogo. Na kunna silinda ta farko. Duk wanda bai taɓa jin irin wannan ɗauka ba zai fara jin ƙara ce kawai, shuu da ƙas-ƙas na allura a kan kaki, sai can a ƙarƙashi murya ta ɓullo. Abin da ban manta ba shi ne yadda ɗakin ya saurara. Mutane suka sunkuyar da kai, wani dattijo yana buga lokaci da yatsa a gwiwarsa. Shekaru ina sauraron muryoyin nan ni kaɗai da abin ji a kunne, ban taɓa jin su tare da mutanen da suka san abin da za su nema a ciki ba.

Tambayar farko ta zo da nauyi. Wani ya ce mawaƙi in waƙa ta yi masa daɗi yakan ƙara sauri ya kuma ɗaga murya a lokaci guda, to ta yaya zan raba wannan da gajiyar sifirin? Na amsa da lissafin kashi 6, na ce ɗan'adam ba ya bin wannan ma'auni daidai wa daida. Ya gyaɗa kai, amma na ga bai gamsu duka ba, kuma yana da gaskiyarsa, domin silinda mai ƙara ba ta ba ka awo mai tsabta haka.

Bayan an tashi wata farfesa mai furfura ta tare ni a bakin ƙofa. Sunanta na cikin waɗanda na fi ambata a kundina. Ta ce, "A cikin silindar taka akwai wadda ake buga ƙararrawar ƙarfe a bayan mawaƙa?" Na ce, "Akwai, Farfesa, amma ban kula da su sosai ba, murya nake bi." Ta ce, "Koma ka bi ƙarfen. Mawaƙi na iya hawa, ƙarfe ba ya hawa. In ka ji sautin ƙararrawa ya ɗaga, injinka ne. In ya tsaya murya ta tafi ta bar shi, mutanenka ne." Ta kuma tuna mini cewa taskar Barlin, a zamanin da Erich von Hornbostel ke jagorantarta, tana umartar masu ɗauka su busa ɗan usur mai sautin da aka sani a kan silinda, don mai sauraro ya daidaita gudu da shi, kuma usur ɗin na wancan zamani girgiza 435 yake yi a daƙiƙa, ba 440 da aka saba da shi yanzu ba. Bambancin kusan sent 20 ne, kaɗan a kunne, amma babba ga mai awo. Maganar ba ta ɗauki minti biyar ba. Ta rubuta mini adireshin imel ɗinta a bayan jadawalin taro ta wuce wani zaman.

Na halarci taron mambobi ma, wanda yawancin ɗalibai ke gudu. Rahoton ma'aji ne, da zaɓen shugabanni, da muhawara kan kuɗin shekara. Ba daɗi gare shi ba, amma a nan na gane daga ina tallafin tafiyata ya fito: kuɗin rajistar mambobi, da abin da mujalla ke kawowa, da gudummawar wasu tsofaffin malamai da suka bar wasiyya. A nan kuma ake yanke ko za a ƙara wa asusun ɗalibai ko a rage, kuma waɗanda suka zauna a ɗakin su ke ɗaga hannu.

Da na dawo na bi ƙarfen kamar yadda ta ce. Sakamakon ya rabu biyu. A wasu silindar ƙararrawa da murya suna hawa tare a ƙarshe, inji ne ƙarara. A wasu kuwa ƙararrawa na nan daram, murya ce ke tafiya sama da gangan, baiti bayan baiti. Wato mai ɗaukar bai yi kuskure gaba ɗaya ba, abu biyu ne ya haɗa ya kira su da suna ɗaya. Wannan ya fi abin da na je da shi taro ƙarfi nesa ba kusa ba, shi na rubuta na aika wa mujallar ƙungiya.

Mujalla wata duniya ce daban. Edita ya fara dubawa ko aikin ya dace da su, sannan ya aika wa masu tantancewa biyu. Ba su san ni ba, ban san su ba, kuma ba a biyansu ko sisi. Watanni suka wuce kafin hukunci ya zo: a gyara a sake turowa. Wanda bai saba ba zai ɗauka an ƙi ne, alhali yawancin maƙalun da ake bugawa ta wannan ƙofar suke bi.

Mai tantancewa na farko masanin na'ura ne, ko shakka babu. Ya ce injin Edison yana da abin daidaita gudu a cikinsa, wasu ƙananan ƙarafa masu juyawa da ke riƙe gudun ko da ƙarfin sifirin na raguwa, don haka bai isa in ce sifirin ya gaji ba, sai na nuna a wane wuri na silinda raguwar ke farawa da kuma yadda take tafiya. Ya ƙara da cewa taurin kaki da zurfin da allura ke shiga suna iya jan gudu baya. Shafi uku ya rubuta, har da lambar layin da yake magana a kai. Na koma na sake awo, na zana yadda sautin ƙararrawa ke tafiya daga farkon kowace silinda zuwa ƙarshenta. Hawan bai fara ba sai can kusa da ƙarshe, kuma da ya fara sai ya yi sauri, daidai da abin da za a sa ran gani in abin daidaitawar ya riƙe har inda ƙarfinsa ya ƙare.

Na biyu bai taɓa lissafina ba. Tambayarsa ita ce ina mawaƙan suke. Ya ce maƙalar ta san sunan mai ɗauka, ta san samfurin injinsa, amma waɗanda suka buɗe baki suka rera ba su da suna ko ɗaya a cikinta, kuma in har na tabbatar wasunsu da gangan suke ɗaga murya, to wannan gwaninta ce, ya kamata a san ta wa ce. Wannan magana ta tsaya mini a rai. Na roƙi taskar ta aiko mini da hoton takardun da ke cikin kwalayen silindar. Mai ɗaukar ya rubuta sunan wasu da fensir, wasu kuma "wata mace" ko "wani saurayi" kawai ya sa. Duk sunan da na samu na saka shi a maƙalar kusa da waƙarsa, inda babu kuma na faɗi cewa ba a rubuta ba.

Wuri ɗaya na ƙi bin shawara. Mai tantancewa na biyun ya so in rubuta waƙoƙin a kan layuka biyar na rubutun kiɗan Turai don masu karatu su samu sauƙi. Na bayyana a wasiƙar amsa cewa wannan rubutu rabin mataki ne mafi ƙanƙantar tazarar da ya saba nunawa, ni kuwa duk hujjata a kan sent 20 da 30 take, za su ɓace a cikinsa. Na bar zanen awo, na haɗa da sautin kansa don a saurara. Wasiƙar amsa ana rubuta ta ne maki bayan maki: ga abin da aka ce, ga abin da na yi, ga shafin, in kuma ban yi ba ga dalili. Edita ya karɓi dalilin.

Bayan zagaye na biyu aka karɓi maƙalar. Sauran aikin na haƙuri ne: mai gyaran rubutu ya bi waƙafi da manazarta, taska ta sa hannu a takardar izinin ɗora sautin a shafin mujalla, na duba shafukan gwaji na mayar cikin wa'adi. Aka kuma nemi ɗan taƙaitaccen bayani don RILM, ma'adanar da Barry Brook ya kafa a 1966 wadda ke tattara abin da aka rubuta kan kiɗa a harsunan duniya, don mai bincike a wata ƙasa ya iya cin karo da aikin. A sashen godiya na ambaci farfesar da sunanta, masu tantancewa kuwa sai dai na ce "masu karatu biyu da ban san sunansu ba".

Da mujallar ta fito na aika wa taskar kwafi, tare da jadawalin silindar da gudunsu ke raguwa da daƙiƙar da raguwar ke farawa a kowace. Ma'aikaciyar da ke kula da su ta amsa cewa za su ƙara bayanin a kundin rajistarsu, da sunayen mawaƙan da aka karanto daga kwalayen, ta kuma tambaya ko zan duba wani rukunin silinda na wani mai ɗauka daban da suke zargin yana da irin wannan matsala. Na ce ta turo.